Yadda za ka mori kuɗinka a jirgin ruwan shaƙatawa: lissafin wani tsohon akanta

Shekara 35 na yi ina aikin akanta, don haka ko tsire na saya sai na san nawa kowane tsinke ya tashi. Da na yi ritaya aka biya ni garatutina, Hajiya ta tuna mini alkawarin da na yi mata tun muna gidan haya, cewa wata rana zan kai ta ta ga teku da idonta, ba ta tagar jirgin alhazai ba. A watan Nuwamban 2024 na cika alkawari. Muka shiga wani ƙaton jirgin ruwa a Basalona ta ƙasar Sifaniya, kwana bakwai a Bahar Rum: Marseille a Faransa, sai Jenowa, sai tashar da ake sauka a tafi birnin Rum, sai Palermo a tsibirin Sisili, sai Malta, sai yini guda cur a tsakiyar ruwa, sannan muka koma inda muka taso. Tun da muka dawo tambaya biyu ake yi mini: nawa ka kashe, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Abin da zan faɗa daga ɗan littafin da nake rubutu a ciki kowane dare na ciro shi.

Farashin talla kafin alƙalami ne

Kuɗin da ka gani an rubuta da manyan baƙaƙe na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki, kuma ɗaki mafi araha a jirgin. Idan kai kaɗai ne, za ka biya kusan na mutum biyu. Abin da ke cikin wannan kuɗi shi ne makwanci, da abinci a babban ɗakin cin abinci da kuma wurin ɗebi-da-kanka, da kallon wasannin dare, da wurin motsa jiki, da ɗaukarka daga gari zuwa gari. Abin da ba ya ciki shi ne lemo, da ruwan roba, da intanet, da motar yawo a gari, da hoto, da wanki, da ganin likita, da kuma kuɗin hidima da ake cira kullum. Duk wanda ya dawo yana cewa an cuce shi, in ka bincika, bai san bambancin jerin nan biyu ba kafin ya shiga.

Gaskiyar da ba a faɗa wa ɗan Najeriya kuwa ita ce, jirgin ruwan ba shi ne babban kashi ba. Tikitin jirgin samanmu daga Abuja ya fi kuɗin kwana bakwan nan. Ga biza, Yuro 90 kowane mutum ban da kuɗin 'yan karɓar takardu, ga inshorar lafiya da dole ta kai ta Yuro 30,000. Ƙasashen nan huɗu duka biza ɗaya ce ke shiga da kai, ta Shengen. Amma ka duba hanyar jirgin da kyau: idan zai tsaya a Tunisiya ko Turkiyya ya dawo, kana bukatar biza mai shiga da fita sau da yawa, in ba haka ba tun a tashar farko za a hana ka hawa. Ƙa'idar nema ita ce ka je ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a ciki, idan kwanakin sun zo ɗaya, ƙasar da za ka fara taka ƙafa. Kuma kada ka zuba kuɗin jirgin duka kafin biza ta fito, sai ka karanta nawa za a mayar maka idan ka fasa, domin kullum ranar tafiya na matsowa abin da za a mayar na raguwa.

Ka isa garin da jirgin zai tashi aƙalla kwana ɗaya kafin ranar. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za ka kira direba ka ce ga ka nan a hanya.

Zaɓen ɗaki

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga da ba ta buɗewa, mai baranda, sai na manya. Ni, da halina na akanta, na ɗauki na ciki, na ce kwana kawai za mu yi. Ta fuskar kuɗi na yi daidai, domin a Nuwamba sanyi da iska ba sa barin mutum ya zauna a baranda, waɗanda suka biya kuɗinta ma ta bayan gilashi suke leƙe. Amma ɗakin ciki in an kashe fitila duhu ne irin na cikin rumbu, ƙarfe ukun dare da ƙarfe goman safe duk ɗaya. Kwananmu na farko Asuba ta wuce mu, sai hantsi muka farka. Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, ka kawo ni ganin teku ka sa ni a akwati." Da zan sake, mai taga zan ɗauka. Bambancin kuɗin bai kai yawan gorin da na sha ba.

Inda ɗakin yake ya fi girmansa muhimmanci. Ka nemi tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa ƙasa, domin goshi da bayan jirgi da hawan sama su suka fi lilo. Mun gane haka tun daren farko, tsakanin Basalona da Marseille, inda wata iska mai ƙarfi da ke saukowa daga kudancin Faransa take tayar da ruwa. Makwabtanmu na teburi da ke can gaba sun kwana da jiri da tashin zuciya, mu kuwa kamar ana jijjiga mu a goyo. Duk da haka ka tafi da maganin jiri daga gida, da ɗan citta. Sannan ka buɗe taswirar jirgin ka ga me ke saman ɗakinka da ƙasansa. Idan wurin kiɗa ne ko kicin, canza. Akwai wani farashi mai rahusa da kamfani ke zaɓa maka ɗaki da kansa. Wannan sayen kifi a ruwa ne, wani ya dace wani ya kwana ƙarƙashin ganga.

Banɗakin ƙarami ne, mutum ɗaya ma sai ya yi dabara. Ka saka buta a kayanka, ba za ka samu a can ba. Masan da iska yake zuƙe ƙazanta, da wata ƙara da za ta firgita ka karon farko, kuma ban da takardar da suka ajiye kada ka jefa komai a ciki, toshewar ɗaki ɗaya tana iya shafar layi guda. Alwala a wurin wanka ta fi sauƙi, don kada ka jiƙa ƙasa.

Ranar shiga

A bakin tasha za a karɓi manyan akwatunanka, ba za ka sake ganinsu ba sai yamma a ƙofar ɗakinka. Saboda haka fasfo, da magunguna, da darduma, da cajar waya su kasance a jakar hannu. Namu akwatin guda ya zo, ɗayan shiru har bayan Magariba. Sai ga takarda ta ƙarƙashin ƙofa, wai mu sauko hawa na ƙasa. Muka tarar da layin masu laifi irinmu, kowa da akwatinsa. Jami'in tsaro ya sa Hajiya ta buɗe, ya ciro kaskon turaren wutarta na lantarki, ya juya shi ya sake juyawa, ya tambaye mu ko na dafa abinci ne. Na yi masa bayani iya Turancina. Ya shinshina, ya ce ƙamshin ya yi, amma kaskon zai kwana wurinsu har ranar sauka, ya ba mu rasit. Duk abin da ke yin zafi haramun ne a ɗaki: dutsen guga, butar dafa ruwa, kyandir, da doguwar wayar jona wuta. Gobara ita ce abin da ma'aikatan jirgi suka fi tsoro, ba ruwa ba. Kilishi da dambun nama kuwa tun a filin jirgin sama dokar Turai ta hana shiga da su. Garin yaji dai ya wuce lafiya, kuma ya yi mana rana.

Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto, kuma dole ne. Za a nuna maka yadda ake sa rigar ceto, ka je da ƙafarka wurin taruwar da aka rubuta a katinka a shaida ka zo. Alamar haɗari ita ce busa gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Kada ka ɗauke shi wasa. A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio, sa'o'i kaɗan bayan ya bar tashar nan ta kusa da Rum, mutum 32 suka rasu, kuma fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba. Bayan wannan ne aka mai da shi wajibi kafin tashi ko da zarar an tashi. Ni har ƙirga ƙofofin da ke tsakanin ɗakinmu da matakala na yi.

Katin da ke cin kuɗi ba ka ji

Za a ba ka kati guda. Shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidarka ta fita da shiga, shi ne aljihunka. Ba a karɓar tsabar kuɗi a cikin jirgi, miƙa kati kawai kake yi, shi ya sa kashe kuɗi ba ya zafi sai daren ƙarshe. Cikin kwana ɗaya ko biyu za a ce ka haɗa shi da katin banki ko ka zuba tsabar kuɗi a na'ura. Kada ka dogara da katin Naira. Ko dai katin asusun Dala, ko ka riƙe Yuro a hannu. Idan katin banki ka haɗa, za su riƙe wani adadi a matsayin jingina, kuma sakinsa kan ɗauki kwanaki bayan ka sauka. Ni tsaba na zuba, don in abin ya ƙare in sani.

Kowane dare ka duba lissafinka a talabijin ɗin ɗaki ko a manhajar jirgin. A dare na uku na ga an rubuta mana ruwan roba biyu a wani wurin shan shayi da ba mu taɓa zama ba. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma da sassafe na je teburin karɓar koke, babu kowa a layi, cikin minti biyar aka goge. Wanda ya bari sai daren ƙarshe zai tarar da layi kamar na gidan mai.

Da zarar jirgi ya bar gaɓa, ka sa wayarka a alamar jirgin sama. In ba haka ba za ta kama layin jirgin da ke bi ta tauraron ɗan'adam, ya lashe kuɗin da ke ciki kafin ka gama sallama. Intanet ɗin jirgi sayarwa ake yi, kuma da tsada. Mu ba mu saya ba. Layin Turai guda muka saya a Basalona, ya yi mana aiki a ƙasashen huɗu duka, kullum da safe in an tsaya a gari sai mu kira yara.

Abinci, inda riba take

Nan ne mutum ke fanshe kuɗinsa ko ya yi asara. Wurin ɗebi-da-kanka a buɗe yake kusan duk yini, amma cunkoso ne da hayaniya, kowa da faranti yana neman kujera. Da yawan baƙi a nan suke ƙarewa kwana bakwai, suna zaton babban ɗakin cin abinci mai fararen tebura na masu ƙarin kuɗi ne. Ba haka ba ne, ka riga ka biya. A can za a zaunar da kai, a kawo maka abinci kashi uku ko huɗu, in wani bai yi maka ba ka ce a canza, ba ƙarin ko sisi. Zama biyu ake yi da dare, na farko wajen ƙarfe shida da rabi, na biyu wajen tara. Ka nemi na farko tun wajen sayen tikiti, sai dai in kana iya cin tuwon dare ƙarfe goma.

Amfanin wannan ɗaki ga Musulmi shi ne teburinka ɗaya ne, mai hidimarka ɗaya ne har a gama tafiya. Namu wani ɗan Indunusiya ne, siriri, mai saurin hannu. Daren farko ya ga hulata da mayafin Hajiya, ya sunkuyo ya yi mana sallama a hankali, daga nan har muka rabu "Pak Haji" yake kirana, wato yadda suke girmama alhaji a ƙasarsu. Na gaya masa ba ma cin alade, ba ma cin abin da aka sa wa giya. Ya ce in bar masa. Tun daga ranar, in mun gama cin abinci sai ya kawo mana takardar abincin gobe, ya bi ta da yatsa: wannan shinkafar da ruwan inabi ake dafa ta, wannan taliyar akwai naman alade a miyarta ko da ba a rubuta ba, wannan kek ɗin an jiƙa shi da barasa. Girkin Italiya haka yake, giya da alade suna ɓuya a inda ba ka zata ba. Abin da muka zaɓa sai ya kai kicin a dafa mana daban. Maganar yankan naman sa da kaza kuwa, wannan tsakaninka da malaminka ne. Mu dai kifi muka riƙe, da ƙwai, da kayan lambu, kuma ba mu rame ba. In kana son naman halal, ka rubuta wa kamfanin makonni kafin tafiya, ka sami amsa a rubuce, kada ka bari sai ka shiga.

Dare na biyu Hajiya ta zaro ɗan kwalbar yajinta daga jaka, tana ɓoyewa ƙarƙashin teburi tana barbaɗawa a kifi. Ya gani, bai ce komai ba. Washegari sai ga ɗan kwano an ajiye gefen farantinta, jajjagen barkono ne irin na ƙasarsu, daga kicin ɗin ma'aikata. Ta ɗanɗana, hawaye ya zubo, ta ce, "Yanzu na ji magana." Ita ma ta zuba masa yajin a takarda. Babu wannan a cikin farashi, babu shi a takardar talla, kuma shi ne abin da take fara ba mutane labari.

Za a matsa maka ka sayi kunshin abin sha na kwana bakwai. Yi lissafi kafin ka amsa. An tsara manyan kunshin ne don masu shan giya, kuma ƙa'ida ita ce in mutum ɗaya ya saya, abokin ɗakinsa ma sai ya saya. Akwai na marasa giya, amma ka raba kuɗinsa na yini da kuɗin kwalbar lemo ɗaya, ka ga kwalba nawa za ka sha kafin ka fanshe, ka tuna kuma yawancin yini kana cikin gari. Mu bai fitar da mu ba. Ruwan sha da shayi da kofi kyauta ne a wurin ɗebi-da-kanka, sai muka riƙa cika gorarmu a can. Duk abin shan da ka saya ɗai-ɗai kuwa, akwai kuɗin hidima da ake ɗorawa a kai, a jirginmu kashi 15 cikin ɗari ne a lokacin.

Salla

Jirginmu babu masallaci, a ɗaki muke yi, tsakanin gado da ƙofa, ɗaya bayan ɗaya. Kamfas ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin wannan tulin ƙarfe. Akwai tasha a talabijin da ke nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa, da ita nake kwatanta alƙibla. A wannan yanki alƙibla gabas ce da karkata zuwa kudu, saɓanin gida da muke karkata arewa. Na tambayi malaminmu hukuncin kasaru da na juyawar jirgi ana cikin salla tun kafin mu taso, kai ma ka yi haka. Lokuta kuma suna sauyawa daga gari zuwa gari, a Nuwamba rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar. Sannan ka sani wuri ne na kowa da kowa: akwai kiɗa, akwai mashaya, akwai gidan caca da aka kafa a tsakiyar hanya yadda sai ka ratsa shi. Da muka gane hawan da ke kewaye shi, ba mu sake bi ta nan ba.

Sauka gari

Kowace tasha jirgin na sayar da yawon gari da mota da ɗan rakiya. Tsada gare shi, amma yana da fa'ida guda: idan motarsu ta makara, jirgi zai jira. Idan da kanka ka fita ka makara, sai dai ka hango shi yana tafiya, ka nemi hanyar tarar da shi a gari na gaba da kuɗinka. Lokacin komawa yawanci rabin sa'a ne kafin tashi, ana rubuta shi a bakin ƙofar fita. Ɗauki hotonsa da waya, da lambar wakilin jirgin na wannan gari da ke cikin takardar shirin yini.

A Jenowa da Palermo da Malta sayen yawon asarar kuɗi ne, domin jirgi a bakin gari yake tsayawa, da ƙafa za ka shiga. A Palermo mun ratsa kasuwar Ballarò, masu kifi na ta kwarmata kaya kamar 'yan Sabon Gari, muka je babban cocin garin, inda a jikin wani ginshiƙi na ƙofar shiga akwai ayar Alƙur'ani da aka sassaƙa. Musulmi sun karɓi garin a shekarar 831, ya zauna hannunsu sama da shekara 200. Ko kwabo ba mu biya ba. A Malta ka tashi da wuri ka hau saman jirgi ka ga shigarsa tashar Valletta tsakanin ganuwoyin dutse, wannan kallo kaɗai ya isa dalilin tafiya. Daga tasha akwai lif mai tsawon mita 58 da ke hawa da kai cikin gari a kan Yuro ɗaya, kuma ƙarfe 12 na rana ana harba igwa. Mutanen Kiristoci ne amma harshensu daga Larabci ya fito, Ubangiji ma Alla suke ce masa. Na ji mai shago na cewa "hamsin" da "sittin", na tsaya ina dariya ni kaɗai. Marseille tasharta na da nisa da gari, sai da mota. Can muka je unguwar Noailles, inda mahautan halal suke jere, muka ci naman da muka yi kwana biyu muna marmari.

Rum ce mai wuyar sha'ani. Tashar sunanta Civitavecchia, har muka baro ban iya faɗinsa daidai ba, kuma tsakaninta da birnin ya kai kilomita 70. Motar jirgi kuɗinta ya ninka na jirgin ƙasa sau da yawa, jirgin ƙasa kuwa wajen Yuro biyar ne, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Akanta ya zaɓi jirgin ƙasa. Zuwa lafiya lau. Dawowa na ce mu ƙara ganin wuri ɗaya, muka rasa jirgin ƙasan da na yi niyya, na bayansa kuma ya yi latti. Muna zaune Hajiya ba ta ce uffan ba, carbi kawai take ja, wanda ya fi mini zafi a kan ta yi faɗa. Muka iso ƙofar jirgi saura minti 20, ina haki, gwiwata na rawa. In za ka bi hanyata, ka tsara dawowarka da ratar sa'a biyu, ka kuma bincika ko akwai yajin aikin sufuri a ranar, don a Italiya ba baƙon abu ba ne. In kana tare da dattijo ko yara, biya kuɗin motar jirgi ka huta.

Garatutin kullum

Kuɗin hidimar da na ambata, sunan da wasu kamfanoni ke kiransa da shi shi ne dai garatutin da muka sani. Ni sai da na yi shekara 35 aka ba ni nawa, a jirgi kuwa kowane dare ake cira. Namu Yuro 12 ne kowane babba a kowane dare, mu biyu kwana bakwai ya tashi 168. Jiragen Amurka sun fi haka. Wani lokaci yana cikin farashin tikiti, wani lokaci sai a jirgi za ka gan shi, don haka ka tambaya tun farko ka sa shi a lissafi.

Na ji wasu fasinjoji na shawarar zuwa a cire musu shi. Ban bi su ba, kuma ba zan ba ka wannan shawara ba. Mai gyara mana ɗaki, wata 'yar Filifin, sau biyu take shigowa a yini. Da ta lura muna shimfiɗa darduma, ita da kanta ta janye ɗan teburin da ke tare wurin, ta riƙa ajiye mana ƙarin tawul saboda alwala, ba wanda ya roƙe ta. Irin waɗannan ma'aikata kwantiragin wata shida zuwa tara suke yi, babu ranar hutu ko ɗaya, iyalinsu na wata duniya. Dokar ma'aikatan ruwa ta duniya ta 2006 hutun sa'a 10 cikin 24 ta wajabta musu, ka ga sauran sa'o'in na wane ne. Mai hidimar teburinmu da ya sallame mu da dare, shi muke tararwa da safe yana kwashe farantai a sama.

Hidima a jirgi tana da hanyar samu. Ka faɗi bukatarka ranar farko, ga mutumin da abin ya shafa, ba ranar biyar cikin fushi ba. Ka riƙe sunansa, yana rubuce a ƙirjinsa. In abu ya lalace a ɗaki, mai gyaran ɗaki za ka fara gaya wa, sai in bai yiwu ba ka je teburin koke. Kada ka ɗaga murya. Mutum dubbai ne a jirgin, mai haƙuri da fara'a shi ake tunawa. A ƙarshe za a turo maka takardar jin ra'ayi, ka rubuta sunayen waɗanda suka kyautata maka, domin da ita ake duba ƙarin girmansu. Mun kuma sa ɗan abin da ya sawwaƙa a ambulan biyu, Hajiya ta miƙa da hannunta.

Sauran masu neman katinka, wato masu hoto a bakin matakala, da masu tausa, da kantin agogo da ke rangwamen ƙarshe kullum, murmushi da "na gode" sun ishe su. Hoto ɗaya muka saya, wanda Hajiya ta fi kyau a ciki.

Daren ƙarshe za a kawo muku takardu masu launi ku ɗaura a akwatuna, ku fitar da su bakin ƙofa kafin tsakar dare. Ka ware kayan da za ka sa da safe, da takalmi, da fasfo, don an sha ganin wanda ya tura komai ya wayi gari da rigar barci. Launin takardarka shi ne lokacin saukarka, ɗaki kuma ana son a bar shi tun wajen ƙarfe takwas. Kada ka sayi tikitin jirgin saman da zai tashi kafin azahar. Ka karɓi ragowar tsabar kuɗinka tun da dare. Da na rufe littafina, abin da muka kashe a cikin jirgi bayan kuɗin tikiti, har da garatuti, bai kai Yuro 300 ba.

Mun fito, mun ɗauki akwatuna, har mun kama layin tasi, Hajiya ta tsaya cak ta ce, "Alhaji, kaskona." Na koma ciki da rasit a hannu. Yana can kan wani dogon teburi, tsakanin dutsen guga goma sha wani abu da tukunyar dafa shinkafa guda, an manna masa lambar ɗakinmu.